Kayan ɗaura koton gashi: tambayoyi da amsoshi ga masu fatsa a Sakkwato

Koton gashi ƙugiya ce da aka yi wa sutura da gashin tsuntsu ko na dabba, aka naɗe da zare har ta yi kama da ƙwaro ko ɗan kifi. Babu tana, babu gara, babu sabulu. Tambayoyin da ke ƙasa kan kayan aikin ɗaura shi ne: wanne ake buƙata, ina ake samu a Sakkwato, wanne za a iya ƙerawa, da abin da ke ɓata aiki.

Anya kifin gulbinmu zai ci gashi?

Wanda ke farauta da ido zai ci. Tsage, giwan ruwa, kawara da karfasa duk suna kai wa abu mai motsi cafka. A kogin Faro na Kamaru, wanda ke zuba a Binuwai, da koton gashi ake kama giwan ruwa da tsage, kuma irin namu ne. Tarwaɗa da ƙurungu kuwa hanci da gashin baki suke bi, sai jifa-jifa suke kula shi. Dabarar ma ba sabuwa ba ce: wajen shekara ta 200 miladiyya wani marubucin Rum mai suna Aelian ya bayyana yadda mutanen Makidoniya ke naɗa jan ulu a ƙugiya su ɗaura gashin zakara biyu.

Sharaɗin shi ne ruwa ya kwanta. A Agusta da Satumba, lokacin da gulbin Rima ya yi jawur da laka, kifi ba ya ganin komai. Daga kaka zuwa bazara ne lokacinsa, a wurare irin su tafkin Kware da madatsar Goronyo. A nemi izinin Sarkin Ruwa kafin a jefa ƙugiya a ruwan da ke da mai shi.

Mene ne mafi ƙarancin kayan da zan fara da su?

Uku: mariƙin ƙugiya, wanda makanikai ke kira bayis, da mariƙin zare, da almakashi mai tsini. A nan kaɗai ya kamata kuɗi su tafi. Sauran, wato allurar gyara, mariƙin gashi, abin ƙulli da bututun daidaita gashi mai sa kawunan gashi su zo daidai da juna, ana haɗa su da abin da ke cikin gida ko shagon mai gyaran rediyo. Akwatin da ake tallatawa a intanet mai kaya goma sha biyu a ciki yakan zo da bayis mai laushin baki da mariƙin zare mai kaifin bututu, wato biyun da suka fi muhimmanci su ne suka fi rauni, sauran goman kuma ado ne.

Yaya zan gane bayis mai kyau?

Aikinsa ɗaya ne, ya riƙe ƙugiya kada ta motsa yayin da ake jan zare. Ka ɗaura masa ƙugiya lamba 2/0, ka danna gangarta, wato miƙaƙƙen jikinta, ƙasa da babban yatsa. Idan bayis na kirki ne, ƙugiyar za ta fara lanƙwashewa ba ta zame ba. Idan ta sunkuya a cikin bakin, to haka za ta riƙa yi maka kullum. Sannan ka gwada da ƙarama, lamba 12, ka ɗaga shi wajen haske: leɓɓan biyu su haɗu daidai, ba rata, ba ɗaya ya fi ɗaya tsawo ba.

Iri biyu ne a kasuwar duniya. Akwai tsayayye, akwai mai juyawa wanda ke mirgina ƙugiya a kan gangarta, kamar na kamfanin Renzetti. Na kamfanin Regal kuma sifirin ne ke matse bakinsa, matsa hannu ɗaya kawai ake yi. Mai juyawa yana da daɗi wajen duba cikin koto da bayansa, amma mai koyo ba ya rasa komai in bai da shi. Abin da ya fi shafar mu shi ne girman baki. Yawancin masu araha an yi su ne don ƙananan ƙugiyoyin kifin ƙasashen sanyi, ba sa buɗewa su kama 4/0 ta giwan ruwa. A duba iyakar lambar da aka rubuta kafin a biya.

Wajen ɗaurawa, ƙasan lanƙwasar ƙugiya ake kamawa, gangar ta kwanta a miƙe, tsinin ya leƙo waje. Kuskure biyu ke kashe bayis da ƙugiya. Na farko, kama ƙugiya a can ƙarshen leɓe: tana iya tsalle ta fice kamar harsashi, ta ɓantare bakin, ko ta nufi ido. Na biyu, matsewa fiye da kima, wanda ke yi wa ƙarfen ƙugiya tsagar da ido ba ya gani, sai ranar da babban kifi ya kama ta karye a daidai wurin.

Maƙeri zai iya yi mini?

Ƙwarai, kuma a ganinmu ga mai ɗaura manyan koto wannan ya fi sayen mai araha daga waje. Hanya mafi sauƙi ita ce a sayi ƙaramar filaya mai kulle, mai dogon baki, ta inci 5 ko 6. A kai wa mai walda ko maƙeran Maƙera Assada. A goge haƙoran bakin da magagari ko giranda har santimita ɗaya na gaba ya zama sumul, domin haƙora suna cizon ƙugiya su raunana ta. A liƙa hannun filayar na sama a kan rodi mai kaurin milimita 10, bakin ya karkata sama kaɗan, tsayinsa daga tebur kamar santimita 20. Gindin ya zama farantin ƙarfe mai nauyin kilo 2 ko fiye, a manna masa robar tayar ciki a ƙasa don kada ya riƙa yawo.

Abin lura wajen walda: zafi yana kashe taurin ƙarfe. A naɗe bakin filayar da jiƙaƙƙen tsumma, a yi waldar nesa da shi, a kuma goge haƙoran sannu-sannu ana tsomawa a ruwa. In bakin ya sauya launi ya yi shuɗi, ya yi laushi ke nan, ƙugiya za ta riƙa cin rami a jikinsa.

Ga ƙananan ƙugiyoyi, ɗan bayis na hannu da maƙeran azurfa da masu gyaran agogo ke amfani da shi ya wadatar, a soke shi a guntun katako mai nauyi. Lee Wulff, sanannen masunci na Amurka, da yatsunsa kawai yake ɗaure koto, ba bayis. Amma wannan gwaninta ce ta shekaru, ba wurin farawa ba.

Me ya sa zarena yake yawan tsinkewa?

Kafin a zargi zare a bincika abu huɗu, bi da bi.

Bututun mariƙin zare shi ne babban mai laifi. Mariƙin zare hannaye biyu ne na waya da ke matse kwarkwaro, da siririn bututu da zaren ke fita ta ciki. In bakin bututun yana da ƙaramin kaifi, ko zare ya ci masa rami, to kowane naɗi yanka ne. Gwaji: a zura zare, a riƙe shi da ƙarfi, a zagaya shi a bakin bututun sau 30. In ya yi gashi-gashi, bututun ne. Mai bakin tangaran ba ya cin rami, shi ya sa ya cancanci ƙarin kuɗinsa. Na ƙarfe kuma ana iya sulɓe shi da zaren auduga mai kauri da aka shafa wa man goge haƙori, a yi ta ja da komowa.

Na biyu, matsin hannayen. Ƙa'idar ita ce in ka saki mariƙin yana lilo a jikin ƙugiya, kada nauyinsa ya warware zare, amma in ka ja, zaren ya fito ba gardama. In ya yi tauri, a cire kwarkwaron a buɗa hannayen kaɗan, a riƙe su daga gindi don kada mahaɗar ta ɓalle.

Na uku, tsinin ƙugiya. Zare yana gogarsa a kowane zagaye in ba a karkatar da hannu ba. Kada zaren da ke tsakanin bututu da ƙugiya ya wuce santimita 5 zuwa 8.

Na huɗu namu ne na nan: kaushin hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu fatar yatsa tana tsagewa ta riƙa kama zare kamar ƙaya. A goge kan yatsu da samfefa mai laushi, a shafa man kaɗe da dare. Da rana kafin aiki a wanke hannu, domin maiƙo yana hana gam kamawa.

Akwai kuma murɗewa. Kowane naɗi yana ƙara wa zare murɗi ɗaya, bayan naɗi 20 ko 30 sai ya zama kamar igiya, ya riƙa ƙullewa ko ya yanke gashi. A saki mariƙin ya yi lilo, zai juya da kansa ya warware.

Ana iya haɗa mariƙin zare a gida?

Ana iya. Sifok ɗin keke ɗaya, a lanƙwasa shi kamar baka mai ƙafa biyu, a sa dutsen ado mai girman gujiya a ƙarshen kowace ƙafa, a manne da gam. Bututun kuma a yanko santimita 4 daga bututun tawadar biro da ta ƙare, a wanke da fetur, a ɗan nuna bakinsa ga wutar ashana ya narke ya yi sumul. A ɗaure shi a tsakiyar bakan da zare, a zuba gam. Roba tana cin rami bayan 'yan watanni, sai a sauya, ba asara.

Kwarkwaron teloli ya fi na ɗaurin koto tsawo, ba ya shiga mariƙin da aka sayo. Maganin yana wurin tela: ya naɗa maka zaren a ƙaramin kwarkwaron cikin keken ɗinki, sai ka matso hannayen mariƙin su kama shi. Zura zare a bututu kuma, a ninka siririyar wayar jan ƙarfe gida biyu a tura, a saƙala zaren a jawo.

Wane zare zan saya a kasuwa?

Zaren ɗaurin koto na asali ana rubuta masa 3/0, 6/0, 8/0, yawan lambar yawan sirantaka. Wasu kamfanoni kuma da diniya suke aunawa: 70 siriri, 140 matsakaici, 210 mai kauri. Ga koton tsage 140 zuwa 210, ga na kawara 70. In babu, zaren ɗinki na foliyesta da ke layin teloli a babbar kasuwa yana aiki a ƙugiya lamba 8 da waɗanda suka fi ta girma. Na auduga kam a bar shi, yana ruɓewa a ruwa. In ana shakka a ƙona bakinsa: auduga toka take zama, foliyesta narkewa yake ya dunƙule. A ja zaren a kan kakin zuma kafin a fara, yana hana shi zamewa.

Almakashi fa?

Biyu. Mai kyau na gashin tsuntsu da zare kawai, da na banza don waya, roba da gashin kanti. Mafi dacewa shi ne ƙaramin almakashin tiyata mai tsini, na santimita 11 ko kusa, wanda shagunan kayan asibiti ke sayarwa. A gwada shi da zare guda ɗaya a can ƙarshen tsini, in ya tauna maimakon ya yanke a ajiye musu. A zaɓi mai kusa mai murɗawa a tsakiya don a iya ƙara matsi. A wannan shagon a haɗa da almakashin kama jijiya mai kulle: da shi ake danne kunnen ƙugiya, wato 'yar ƙayar da ke bayan tsini, da shi kuma ake zare ta daga bakin tsage, wanda ba wurin sa yatsa ba ne.

Siririyar waya ba a yanke ta ma. A danne gindinta da zare, a yi ta juya saura kamar farfela har ta ɓalle.

Gashin zakara yana kuɓuce mini ko ya karye in ina naɗawa.

Wannan aikin mariƙin gashi ne, ɗan matsi da ke kama ƙarshen gashin ya ba shi nauyi. Ɗan makamin waya mai baki kamar na kada, da masu gyaran rediyo ke da shi, yana yi, muddin an rufe haƙoransa da rigar wayar lantarki. Haƙori tsirara yanke gashi yake. In kuma karan gashin ne ke tsagewa, bushewa ce: a jiƙa shi minti 10 a ruwa mai ɗumi. A kama karan, kada a kama gefen gashin.

Yaya ake ƙullin ƙarshe, kuma dole sai da abin ƙulli?

Koto yakan warware ne daga kai, don haka ƙullin nan shi ne rayuwarsa. Manufar ita ce a binne bakin zare a ƙarƙashin naɗi huɗu ko biyar. Abin ƙullin da ya fi yaɗuwa shi ne ƙirar Matarelli, sunan Frank Matarelli na San Francisco da ya fito da shi, kuma rubuta sunan kawai a wurin bincike zai nuna hotonsa. Yana da ƙugiya a gaba da lanƙwasa a baya. A saƙala zare a ƙugiyarsa, a zagayo da shi ta lanƙwasar, a mirgina har zaren ya yi kusurwa uku kamar lamba 4. A matso da mahaɗar jikin kan koton, a zagaya sau biyar, kowane naɗi gaban na baya zuwa wajen ido. A zare lanƙwasar, a bar ƙugiyarsa tana riƙe da madaukin, a ja mariƙin zare har madaukin ya shige. In an tara naɗin wuri ɗaya, ko an yi sau goma don neman ƙarfi, zaren zai maƙale ya tsinke wajen ja.

Ba dole ba ne. Duk wanda ya taɓa ɗaure ƙugiya marar ido a igiyar mamari ya san dabarar: a kwantar da madaukin wani zare a kan kai, a naɗe shi sau biyar, a yanke zaren aiki a zura bakinsa cikin madaukin, a jawo. Sakamakon ɗaya ne. Ko kuma a yi zarge uku da bakin gangar biro, a ɗiga gam.

Wane gam?

Jan farce marar launi shi ne na yau da kullum. Kada a shafa da burushinsa, a ɗebo ɗigo da allurar gyara, wato allurar ɗinki da aka soke a guntun icce. Sufagulu ya fi ƙarfi, kuma koton tsage yana buƙatarsa, amma yana bin gashi ya sandarar da shi, don haka ɗigo ɗaya a kan zare kawai. A zafin Afrilu, da ake haura digiri 40, wanda aka buɗe ba ya daɗewa, a sayi ƙananan kwalabe. Akwai kuma gam ɗin da hasken tocila ta musamman ke daskararwa. Ranar Sakkwato tana daskarar da shi nan take, wanda ya sa tocilar ba dole ba ce, amma kuma ba a buɗe kwalbarsa a tsakar gida. Kafin gam ya bushe a zura gashin kaza ta idon ƙugiya a share shi.

Ƙugiyoyin kasuwa za su yi?

Wasu. Na kamfanin Mustad na ƙasar Norway sanannu ne wurin masu kayan kamun kifi, amma yawancin na mamari ba su da ido, kansu a daɓe yake, kuma tsininsu a karkace. Koto yana son mai ido, mai doguwar ganga, wadda in an kwantar a tebur za ta kwanta sharɓan. Karkatacciya tana sa koto ya riƙa juyawa a ruwa yana murɗe igiya. Lamba 8 zuwa 12 ga kawara da karfasa, 1/0 ko 2/0 ga tsage, 4/0 zuwa sama ga giwan ruwa. Lambobi suna bambanta tsakanin samfuri da samfuri, a je da wadda ake so a hannu a gwada. A danne kunne a kuma wasa tsini kafin a fara ɗauri, don in za ta karye ta karye kafin a yi wahala. Tsini mai kyau yana kama farce, ba ya zamewa.

Ina ake samun gashi, kuma yaya ake hana ƙwari cinye shi?

A nan Sakkwato ta fi wurare da yawa arziki. Gashin wuyan zakara, gashin zabo mai ɗigo-ɗigo, na agwagwa, wutsiyar akuya da ta saniya daga mahauta, gashin kanti daga masu kitso, zaren ƙyalli na masu aikin wuyan riga, wayar jan ƙarfe daga masu naɗin fanka. Wurin masu fige kaji a roƙi a cire fatar wuyan zakara ɗungurungum kafin a tsoma shi a ruwan zafi. A kankare kitse, a wanke da omo, a baza a kan katako da ƙusoshi, a barbaɗa gishiri, a shanya a inuwa mako biyu. Kada a ɗauki gashin kazar da ta mutu da ciwo, saboda murar tsuntsaye, kuma a ƙyale tsuntsayen daji irin su gauraka.

Sabon gashi ba ya haɗuwa da tsoho sai an kashe ƙwayayen asu. Mai firiza ya sa shi kwana uku, ya fitar kwana biyu, ya mayar kwana uku. In wuta ba ta tsayawa, a ɗaure shi a baƙar leda a ajiye cikin mota a rufe, a rana, wuni guda na bazara. Sannan kowane iri a robarsa mai murfi, da ƙwayar kafur ɗaya. A sha wa koton iska kafin a kai shi ruwa.

Bututun daidaita gashi na roba ya ƙi yi mini aiki.

A bushewar hunturu roba tana jan gashi ya manne mata. A nemi guntun bututun jan ƙarfe na santimita 6, mai faɗin santimita ɗaya, wurin masu gyaran firji, da murfin ƙarfe da bututun zai zauna a ciki. A tsefe gajerun gashin gindi tukuna, su ne ke hana sauran zamewa. A zura gashin kai ƙasa, a ƙwanƙwasa a tebur sau shida, a kwantar kafin a zaro.

Wane koto zan fara gwada kayan da shi?

Wanda Bob Clouser ya ƙirƙira a Amurka a 1987, don yana taɓa kusan kowane kayan aiki kuma tsage na son sa. Ƙugiya 1/0. A shimfiɗa zare a kashi ɗaya cikin uku na gaba. A yanko ƙwallo biyu a haɗe daga sarƙar ƙwallaye irin ta maƙallin makulli, su ne idanun koton, a ɗora a saman ganga, nesa da idon ƙugiya da kashi ɗaya cikin uku, a naɗe a gicciye sau takwas, a zagaya ƙarƙashinsu sau huɗu, a ɗiga sufagulu. A ɗaura farin gashin akuya mai kaurin tsinken ashana, tsawonsa ninki biyu da rabi na ƙugiyar, gaba da idanun da bayansu. A kifa ƙugiyar a bayis, a sa zaren ƙyalli shida, a ɗora baƙin gashi ko kore gaba da idanun kawai, a yi kai, a ƙulle. Gashin akuya yana da santsi, ba ya matsuwa, shi ya sa ake shafa wa gindinsa gam kafin a naɗe. Nauyin idanun yana kifa koton a ruwa, tsini sama, fari ya zama ciki. Masu koyo kan cika gashi, sai koton ya ƙi nutsewa.

Ba ni da sandar jifa ta musamman, yaya zan kai shi ga kifi?

Gora mai tsawon mita 4 da igiya daidai tsawonta ta isa ga kawara da karfasa a bakin gaɓa, haka mutanen Japan ke yi a rafukan duwatsunsu. Mai sanda mai injin naɗi kuma ya sa ɗan abin iyo mai nauyi, koton yana bayansa da mita ɗaya, ya riƙa ja da fizga. Ga tsage a sa siririyar wayar ƙarfe ta santimita 10 zuwa 15 tsakanin koto da igiya, in ba haka ba cizo ɗaya ya tafi da aikin. Bayan an dawo a shanya koton kafin a rufe shi a gwangwani, musamman da damina, domin tsatsa daga ƙarƙashin zare take farawa.